Wa ya riƙe rikoda? Tarihin mataimakan masu bincike, daga Dorugu zuwa Jahun

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu a kan sauraro.

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin wani aiki ne da ko tsayayyen suna ba shi da shi a Hausa. Wani ya ce tafinta, wani ya ce ɗan rakiya, wani ya ce mai cike fom, a jami'a kuma a ce mataimakin mai bincike. Shi ne wanda ke shiga gaba idan baƙo ya zo gari da tambayoyi. Shi zai yi sallama a zaure, ya gaida mai gari, ya juya tambaya yadda tsohuwa za ta gane, ya kuma juya amsarta yadda baƙon zai iya rubutawa.

A Amurka wannan aiki tsari gare shi. Tun 1969 jami'ar MIT ta buɗe shirin da ke haɗa ɗaliban digirin farko da malamansu a aikin bincike, a 1987 kuma hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya a ƙasar ta fara biyan ɗalibai su yi kamar mako goma na dogon hutunsu suna wannan aiki. Ɗalibi zai koyi yadda ake hira da mutane, ya karɓi alawus, in ya yi ƙwazo sunansa ya fito a takardar da aka wallafa. Idan yaranmu suka ga irin wannan sanarwa a intanet sai su ce ai wannan harkar Turawa ce. To ni abin da na zo faɗa yau shi ne, mun fi shekara 170 muna wannan aiki a ƙasar Hausa. Tsarin ne ba mu da shi, kuma suna ma ba kasafai yake biyo mu ba.

Mu fara da Dorugu.

Yaro ne ɗan ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka kama aka sayar yana ƙarami. Wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 a bakin tafkin Cadi, sai Dorugu da wani yaro mai suna Abbega suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Shi Barth ɗin ya taka ƙasar da ta zama Jigawa yanzu, don ya bi ta Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Dorugu ya bi shi har Timbuktu, a 1855 kuma ya bi shi Turai.

A Ingila wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da Dorugu yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa: kalmomi, tatsuniyoyi, labarin kamunsa, da yadda ya ga rayuwar Turawa da idonsa. Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba fa. Kaso mai yawa na Hausar da ke cikin littattafansa daga bakin wannan yaro ta fito. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarinsa a littafin da ya sa shi a gaba a matsayin mai labari. Kusan shekara 60 bayan ƙasa ta rufe idonsa ke nan.

Bayansa akwai malamai. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da R. S. Rattray ya wallafa a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, shi ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich tarihi da bayanin zamantakewar Hausawa. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta mafi yawan abin da ke ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ina cewa waɗannan Turawa ba su yi wahala ba, sun yi, kuma ba don su ba da an rasa da yawa daga cikin rubuce-rubucen. Amma je ka ɗakin karatu ka nemi littafin, a ƙarƙashin sunan wa za ka same shi?

Wadda ta fi burge ni a wannan jeri mace ce, kuma ba ta yi boko ba.

A 1949 wani masanin zamantakewa, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau. Ya ci karo da abin da duk mai bincike namiji ke cin karo da shi har gobe: iyakarsa zaure. Rabin al'umma na cikin gida, ba shi da hanyar jin ta bakinsu. Matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ita ke shiga. A can ta haɗu da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950, a Giwa da Zariya, Baba na magana Mary na rubutawa. Ta ba da labarin harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aurarrakinta huɗu, zaman kishi, ƙawance, bori, goyo, da yadda ake haihuwa da jego, don ita kanta ungozoma ce. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba.

Ku lura da yadda aka yi aikin nan. Ba fom, ba zaɓi tsakanin e da a'a. Zama ne na makonni, da haƙuri, da barin mai magana ta bi hanyarta ko da ta kauce daga tambaya. Wannan shi ne binciken sauraro, wanda ya bambanta da binciken ƙidaya. Ƙidaya za ta gaya maka mata nawa suka haihu a gida. Sauraro ne zai gaya maka abin da aka ce a tsakar gida a daren, wa ya ce a jira gari ya waye, wa ya ce a fara kawo rubutu. Har yau duk wanda zai yi nazarin rayuwar matan Hausa sai ya bi ta kan Baba, kuma a wannan karon dai sunanta na kan bangon littafin.

Bayan samun 'yanci sai jami'o'inmu suka karɓi aikin. A Samaru, David Norman da abokan aikinsa sun zaunar da matasa a ƙauyukan Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa a 1966 da 1967, suna bin manoma sau biyu a mako har shekara ta zagayo, suna rubuta wa ya yi aiki a wace gona, awa nawa, me aka girbe. A lokacin malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Rubutun waɗannan matasa ne ya nuna manomi ya san abin da yake yi, haɗin ya fi ba shi riba kuma ya fi tsare shi daga asara idan damina ta yi gardama.

Yanzu mu dawo gida. Garki.

Garkin Jigawa nake nufi, ta masarautar Ringim, ba ta Abuja ba. Ka tambayi matasanmu goma me suka sani game da ita, da wuya ɗaya ya ce maka sunan garin nan na cikin littattafan da ake koyar da masana zazzaɓin cizon sauro a duk duniya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi wani gagarumin gwaji a can, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano. Tambayar ita ce: idan aka yi feshin ɗakuna aka kuma ba kowa magani, za a iya katse yaɗuwar maleriya a irin wannan ƙasa tamu? An fara da auna yadda cutar take kafin a taɓa komai. Sannan a daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshi da wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164, a wasu daga ciki aka haɗa da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa, mai ciwo da mai lafiya. Ƙauyuka 22 aka sa wa ido sosai, duk bayan mako goma a zo a ɗebi jinin yatsa daga mutanen gari.

To tsaya ka yi tunanin hannuwan da wannan aiki ya ci. Wani ne ya bi gida-gida ya rubuta sunan kowa, da wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi cin rani. Wani ya goya tankin feshi a rana. Wani ya zauna gaban madubin likita yana ƙirga ƙwayoyin cuta a ɗigon jini, yau da gobe, shekara da shekaru. Akwai ma waɗanda aikinsu shi ne su kwana zaune, a cikin ɗaki da waje, ana kama sauron da ya sauka a jikinsu don a san sau nawa ake cizon mutum a dare ɗaya. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Jikin mutum ne ma'aunin.

Sakamakon fa? Cutar ta ragu ƙwarai a inda aka haɗa feshi da magani, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Daga cikin dalilan akwai cewa wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, don haka feshin ba ya samunsa. Sannan ba a taɓa samun kowa da kowa a gida ranar rabon magani ba. Mutane na tafiye-tafiye, baƙi na shigowa, makiyaya na wucewa. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara komai a littafin da ya fito a 1980, kuma har yanzu masu lissafin yaɗuwar cuta da kwamfuta na gwada lissafinsu da alkaluman Garki.

Littafin na lissafi ne, ba a yi shi don ya ba da labarin yadda mutanen ƙauyukan suka ji da ana zuwa ɗibar jininsu duk bayan mako goma ba, ko me mai gida ya ce wa matansa da aka ce a fitar da kaya za a yi feshi. A nawa ganin rabin darasin Garki yana nan, a bakin mutane. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1972 yanzu ya haura 70.

Sai mutumin da ya fi kama da ku, ku da ke aji biyu ko aji uku a jami'a. Sunansa Yusufu Yunusa.

A tsakiyar shekarun 1970 wasu masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, suna Jami'ar Ahmadu Bello, suka shirya aikin naɗar tarihin tattalin arzikin Arewa daga bakin tsofaffi. Suka ɗauki matasa, suka ba su rikoda da kaset. Yusufu Yunusa ɗalibin digirin farko ne a lokacin. A 1975 ya shiga birnin Kano da ƙauyukan kewaye irin su Fanisau, yana hira da dattawa a kan abin da mutane ba sa son a tono: bauta. Su wa suka noma gandun sarki, me ake ba su, yaya ake murgu, yaya ake fansa, ina 'ya'yansu suka shiga. Cikin waɗanda ya zauna da su har da Sallama Dako, mai riƙe da ɗaya daga manyan sarautun bayin sarki a fadar Kano. Ka san ba kowane baƙo zai yi wa irin wannan dattijo irin waɗannan tambayoyi ya samu amsa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ya rubuta kundin kammala digirinsa a kan bauta a Kano a ƙarni na 19, a 1976. Dattawan da ya yi hira da su duk sun riga mu gidan gaskiya, amma kaset ɗin sun rayu. A 2001, wato bayan shekara 26, Sean Stilwell da Ibrahim Hamza da Lovejoy suka wallafa hirarsa da Sallama Dako a wata mujallar tarihin Afirka. A 2011 Mohammed Bashir Salau ya fitar da littafi sukutum a kan gandayen Fanisau, kuma hirarrakin Yunusa na cikin ginshiƙansa. Manyan farfesoshi na ambaton sunansa a ƙasan shafi har yau.

Ɗalibi ɗaya ke nan, da rikoda ɗaya, a shekara ɗaya. Abin da ya sa aikinsa bai ɓace ba abu uku ne masu sauƙi: an koya masa yadda ake yi, an rubuta sunansa da rana da wuri a kan kowace hira, an kuma adana kaset ɗin a inda wani zai same su. Idan na ga yadda ake sayar da kundin digiri a shagunan kwamfuta na bakin makaranta, a canza sunan gari kawai a miƙa wa malami, sai in tuna da wannan bawan Allah.

A ɓangaren Haɗeja kuwa, akwai ƙauyen Dagaceri, ta wajen Birniwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin ƙasa a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi shekara 13 yana komawa wannan ƙauye, daga farin farkon shekarun 1970 har bayan na 1984. Littafinsa na 1989 ya ƙaryata hoton da ake nunawa na talakan Sahel da ke zaune yana jiran agaji. Ya nuna yadda gida ke rarraba ƙarfinsa idan gona ta ƙi: wani ya tafi cin rani, wani ya kama sana'ar hannu, a sayar da akuya, a koma ga ganyayen daji. Duk wanda kakarsa ta ba shi labarin yunwa ya san wannan, amma sai da aka rubuta shi gida-gida, shekara-shekara, kafin masu tsara manufofi su saurara.

Haka ma fadamarmu. Bayan an gama dam ɗin Tiga a 1974, ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu. Masu tsara dam na lissafin shinkafa da alkamar da za a noma a Kadawa, ba sa lissafin abin da za a rasa a ƙasa, saboda ba wanda ya taɓa ƙirga shi. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar, aka shiga ƙauyuka ana tambayar masunta da manoma da masu itace. Daga irin waɗannan bayanai Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan adadinsa da aka tura aikin noman rani na Kano. Dam ɗin Challawa dai an gama shi a 1992, kachalla kuma ta zo ta toshe hanyoyin ruwa, amma wannan lissafi ya zama makami a muhawarar dam ɗin Kafin Zaki. Masunci ba zai faɗa wa baƙo gaskiyar kifin da ya kama ba, tsoron haraji kawai ya isa. Sai wanda ya san gaisuwar bakin ruwa.

Kada in sa ku ɗauka aikin nan duk lada ne. Akwai inda ɗan tsakiya ke ɗauke da amana mai nauyin rai.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani, Trovan, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, kusan rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren sabon, shida a ɗaya ɓangaren. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa kuma iyaye sun amince da baki. An yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kun ga inda rigimar ta tsaya? A kan abin da aka faɗa da Hausa, a bakin gado, ga uwar da ɗanta ke sanƙarewa. Da aka zo ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, mutane da dama da wannan labari suka kafa hujja. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Amma ƙa'ida a Abuja take, wanda zai ce wa tsohuwa "Iya, kina da damar ki ƙi, kuma ba abin da za a hana ki" shi ne yaron da ke riƙe da fom.

To mu zo Jahun.

Tun 2008 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha a babban asibitin Jahun, a ɓangaren haihuwa, jarirai, da gyaran yoyon fitsari. Mata na zuwa daga nesa, da yawa kuma suna isowa a makare, bayan doguwar naƙuda ko jijjiga ko zubar jini. Likita na iya gaya maka abin da ya faru a jikin mace. Abin da ya faru a awannin da suka wuce kafin ta iso ƙofar asibiti, wannan ba a ganinsa a gwajin jini.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana abin da ake kira jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Aikin nasu na da alaƙa da wata haɗakar masu bincike a Afirka ta Yamma, wadda ke da tawaga a Zariya da Sakkwato. Tawagar Sakkwato ta zauna da mutanen karkara a Kebbi, ta ji cewa mota ce babbar matsala, sai ta nemi ƙungiyar direbobi ta NURTW su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Irin wannan dabara ta bazu daga baya, mu ma a Jigawa mun san motocin Haihuwa Lafiya. Daga zama a tabarma aka faro.

Kuma a nan ne harshe ke nuna ƙarfinsa. Fom zai tambaya ko mace ta samu matsala lokacin da take da ciki, ta ce a'a, lafiya lau. Ka ajiye fom ka yi hira, sai ka ji ƙafafunta sun kumbura, amma an ce ai alamar namiji ne ko tagwaye. Ka ji ana ba ta jiƙo don zaƙi ya fita. Ka ji da jijjiga ta kama ta an ce iska ce, aka fara kiran mai ruƙiyya. Ka ji 'yar fari ta ɓoye naƙuda tun magariba saboda kunya, don kar a ce ba ta da jarumta. Ka ji mai gida ya tafi cin rani, ba wanda ya isa ya ba da izini. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga akwatin e ko a'a. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Kafin su kai ga haka sai da wani ya gaya musu abin da ake yi a ɗakin mai jego na kwana 40.

Wa ya fi dacewa ya yi irin wannan hira a ƙauyukan Jahun da Miga da Kiyawa? 'Yar nan ce, wadda ke karatu a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Jahun, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka buɗe a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013. Ita za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta ce "Inna sannu da gida", ta san tambayar da ba a yi a gaban suruka.

Kuma suna yi ɗin, ba wai ba sa yi ba. Ni kaina na yi, lokacin dogon yajin aikin 2020, wa wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Horon kwana biyu, waya mai ɗauke da tambayoyi, kuɗin yini, sai adadin gidajen da dole ka cike kafin la'asar. Wata dattijuwa ta riƙe ni kusan awa guda tana ba ni labarin yadda 'yarta ta rasu a kan amalanke a hanyar asibiti. A wayar ba inda zan sa wannan, lamba ɗaya na danna. Rahoton da aka rubuta kuwa har yau ba a turo mana ba, balle mutanen ƙauyen. Ka tambayi duk wanda ya taɓa wannan aiki, da wuya labarinsa ya bambanta da nawa.

Shirin SIWES da aka faro a 1973 galibi na ɗaliban kimiyya da fasaha ne. Ɗalibin nazarin zamantakewa ko tarihi ko Hausa sai ya gama aji uku bai taɓa naɗar hira ɗaya ba, sannan a aji huɗu a ce ya kawo kundi. Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara na zaune a majalisa.

Abin da nake nema daga jami'o'inmu da ma'aikatar lafiya bai fi ƙarfinsu ba. Duk ƙungiyar da za ta yi bincike a Jigawa, a sa mata sharaɗin ɗaukar ɗalibai ta hannun sashensu, ba ta hannun wanda ya san wani ba, kuma rabi su kasance mata. A koya musu neman izini na gaskiya da ɓoye sirrin wanda ya yi magana kafin a koya musu danna waya. A biya su a rubuce. A bar kwafin hirarrakin, bayan an cire sunayen masu magana, a ɗakin karatu a Dutse ko Kafin Hausa, da sunan wanda ya naɗa a kai. A koma ƙauyen a faɗa musu da Hausa abin da aka gano.

Ku kuma ɗalibai, idan aka kira ku irin wannan aiki, ku tambaya tun ranar farko: wane kwamiti ne ya amince da binciken, ina bayanan za su tafi, kuma a wane shafi sunana zai fito. Wanda bai samu kira ba, wayar hannunsa ta fi rikodar Yusufu Yunusa kyau sau ɗari. Ya nemi malami ɗaya a sashensu ya duba masa tambayoyi, ya nemi izinin hakimi, ya hau motar Garki. Dattawan da suka goya tankin feshi da waɗanda suka kwana ana kama sauro a ƙafafunsu, wasunsu na nan zaune a gindin bishiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wanda kakansa ko kakarsa suka yi aiki da mutanen Garki, ko suka ga zuwan Baturen Dagaceri, ya yi mana magana ta akwatin saƙo.